Daga dashen bishiya zuwa neman ƙuri'a: me kujera ke yi wa mai rajin kare muhalli?

A garin nan na Zariya duk wanda ya yi suna wajen kare wani abu na jama'a, ko hana zuba shara a bakin rafin Kubanni ne, ko hana a yanka filin makaranta a sayar, ba a daɗewa sai an fara tare shi bayan sallar la'asar ana cewa, "Malam, ai kamata ya yi ka fito takara." Masu faɗin haka da zuciya ɗaya suke faɗa. Lissafinsu shi ne, mutumin da ya tsayar da tifa da fatar baki kawai, in ya samu kujera da biro ai sai abin da Allah ya yi. Lissafin yana da daɗin ji. Sai dai an riga an bi wannan hanya a ƙasashe da dama, kuma abin da ya faru da waɗanda suka bi ta ya fi haka sarƙaƙiya. Babu wadda rayuwarta ta fito da lamarin fili kamar Wangari Maathai ta Kenya.

An haife ta a 1940 a ƙauyen Ihithe da ke yankin Nyeri, cikin tsaunukan tsakiyar Kenya. Tana cikin ɗaliban da aka kwasa zuwa Amurka karatu a 1960, ta dawo gida, a 1971 ta samu digirin digirgir a Jami'ar Nairobi a fannin sassan jikin dabbobi. Ita ce mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta kai wannan mataki. A ma'aunin Samaru, mazaunin jami'ar ABU, malamar tsangayar likitancin dabbobi ce, wadda da ta ga dama sai ta zauna a gidan jami'a ta jira fansho cikin rufin asiri.

Abin da ya fito da ita shi ne koken matan karkara a tarukan Majalisar Matan Kenya. Itacen girki ya yi nisa, ƙoramun da suka sani tun suna yara sun ƙafe, ruwan sama yana wanke ƙasar gona, filayen da a da ake shuka abinci an mayar da su gonakin shayi da gahawa. Ta lura cewa duk waɗannan koke-koken jijiyarsu ɗaya ce. Ranar 5 ga Yuni 1977 aka dasa bishiya bakwai a filin Kamukunji da ke Nairobi, daga nan ƙungiyar Green Belt Movement ta samo asali.

Yadda ƙungiyar ta yi aikinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bambanta ta da bikin dashen itatuwa irin namu, wanda ake kafa rumfa, babban baƙo ya durƙusa da butar ban-ruwa a ɗauki hoto, kafin wata ya zagayo akuya ta gama da dashen. Matan su ne suke tsinto irin bishiyoyin da suka saba da ƙasarsu, su raine su a gwangwanaye da fasassun tukwane, su raba wa maƙwabta su dasa. Ɗan ladan da ake ba su kuma ba a kan dasawa ake bayarwa ba, sai an dawo bayan watanni an ga dashen ya rayu. Wannan ƙa'ida ɗaya ita ce ta sa mace take kewaye dashenta da ƙaya, take ɗibar ruwan da ta sha wahalar ɗaukowa ta ba shi. Zuwa 2004 an ƙiyasta sun dasa bishiya sama da miliyan 30.

Amma bishiya a kan ƙasa take tsayawa, ƙasa kuwa a Kenyar Shugaba Daniel arap Moi ita ce kuɗin da ake sallamar 'yan siyasa da shi. Nan rigima ta fara. A 1989 gwamnati ta shirya gina bene mai hawa 60 a cikin filin shaƙatawa na Uhuru, tsakiyar Nairobi, har da mutum-mutumin Moi a gefe. Wangari ta dinga rubuta wasiƙu, ga gwamnati, ga jaridu, ga ƙasashen da za su ba da rancen kuɗin. Majalisa ta ɓata lokacin zamanta tana zaginta, ana goranta mata cewa sakakkiya ce. Shi kansa Moi ya fito a bainar jama'a ya nuna cewa mace mai tarbiyya ba ta ɗaga wa maza murya. Aka kori ƙungiyarta daga ofishin gwamnatin da take ciki, ta kwashe ma'aikatan ta kai su gidanta. A 1990 masu kuɗin suka janye, ba a yi benen ba. A 1992 ta shiga cikin iyaye matan fursunonin siyasa da suka yi zaman ƙin cin abinci a wannan fili, 'yan sanda suka doke ta har ta suma. A Janairun 1999 ta je dasa bishiya a dajin Karura, wanda ake ta yankawa ana raba wa na kusa da gwamnati, 'yan daban da aka ɗauka gadi suka fasa mata kai. Karura yana nan har yau, daji a cikin birni.

A lura da abu ɗaya. Duk waɗannan nasarori ta same su ne ba ta riƙe da ko kujerar kansila.

Ba wai ba ta nema ba. A 1982 ta ajiye aikin jami'a don ta tsaya takarar majalisa, aka hana ta da wata hujja ta rajistar zaɓe, ta koma jami'a suka ce an riga an cike gurbinta, aka fitar da ita daga gidan ma'aikata. Ta yi biyu babu. A 1997 ta tsaya takarar majalisa da ta shugaban ƙasa a wata ƙaramar jam'iyya, ana jajibirin zaɓe aka baza labarin ƙarya cewa ta janye, ta tashi da ƙuri'u 'yan kaɗan. Sai a Disambar 2002 ta ci mazaɓar Tetu da kashi 98 cikin ɗari. Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka talakawa ne suka saka mata da alheri. Akwai wannan a ciki, amma gaskiyar ita ce a inuwar haɗakar jam'iyyun adawa ta NARC ta tsaya, guguwar da ta kawar da jam'iyyar KANU bayan kusan shekara arba'in tana mulki, kuma ɗan takarar shugaban ƙasa na haɗakar, Mwai Kibaki, ɗan Nyeri ne, mazaɓarsa ta Othaya tana maƙwabtaka da Tetu. A wannan shekara a wannan yanki, tikitin shi ne ƙuri'ar. Jam'iyyar kare muhalli ta Mazingira, wadda ake danganta ta da ita, sai a 2003 ta kafa ta, bayan ta riga ta shiga majalisa ta wata ƙofar.

Kibaki ya naɗa ta mataimakiyar ministan muhalli a Janairun 2003. Mataimakiya, ba minista ba. A tsarin Kenya na lokacin mai wannan muƙami ba ya zama a majalisar zartarwa, wato matar da ta fi kowa sanin dazukan ƙasar tana jiran a fito daga taro a faɗa mata abin da aka yanke. Ko da aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a Oktoban 2004, mace ta farko daga Afirka, matsayinta a gida bai motsa ba.

Inda ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya shi ne batun noma a cikin gandun daji, tsarin da 'yan Kenya ke kira shamba, malaman gandun daji a Najeriya kuma suka san shi da taungiya. Gwamnati tana sare wani ɓangare na gandu, ta bar manoma su shuka dankali da kabeji a tsakanin sababbin dashen katako, suna kula da dashen har ya yi inuwa, sannan a matsa gaba. Wangari ta tsaya kai da fata cewa ba ta yarda ba. Hujjarta ita ce jeren bishiyoyin katako na waje, irin su turare, ba daji ba ne, gona ce, ba ta riƙe ruwa kamar dajin asali, kuma wanda ya shiga gandu da fartanya ba ya fita da sauƙi. A ilmance hujjar tana da ƙarfi. Amma su wa ke son a bar su su yi noma a gandun? Talakawan da ke zaune a gindin tsaunukan Aberdare, waɗanda gonakinsu suka yi musu kaɗan, cikinsu har da masu zaɓenta. Lokacin da take fafatawa da Moi, abokin gabarta mutum ne mai tumbi da mota mai tuta, kowa yana jin daɗin ganin an kunyata shi. Yanzu wanda take ce wa a'a manomi ne mai 'ya'ya, da katin zaɓe a aljihu.

Sai ga ƙuri'ar raba gardama kan kundin tsarin mulki a Nuwambar 2005, wadda ta raba gwamnatin gida biyu, masu alamar ayaba da ke goyon baya da masu alamar lemo da ke adawa. Mutanen Nyeri suna bayan ɗansu Kibaki. Ita ta ƙi shiga yaƙin yadda suke so, tana kiran a sasanta. Gwamnati ta sha kaye, Kibaki ya rushe majalisar ministocinsa, ita kuma ba ta koma kujerar ba. A idon duniya dattaku ne, a idon Tetu kuwa 'yarsu ce ta ƙi tsayawa da ɗan'uwanta ranar da ake buƙatarta. A 2007 ta faɗi zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Kibaki, ta tsaya a ƙaramar jam'iyya, ta sake faɗuwa. Shekara uku kacal bayan Nobel. Ta rasu a Satumbar 2011, kuma noman cikin gandun da ta yaƙa an dawo da shi da sabon suna.

Wasu za su ce ai Afirka ce, ba a san darajar mutum ba. Wannan amsar malalaci ce. Abin da ya ci Wangari yana cikin yanayin aikin kansa. Ɗan gwagwarmaya buƙatarsa ɗaya ce, kuma ƙarfinsa yana cikin cewa ba a iya sayensa a kanta. Ɗan majalisa kuwa kullum a cikin ciniki yake, ya ba da wannan ya karɓi wancan, kuma waɗanda suka tura shi ba don abu ɗaya suka tura shi ba. Suna son hanya, suna son a ɗauki yaransu aiki, suna son ya zo ta'aziyya da suna. Ga kuma matsalar da ta keɓanta da muhalli: wanda za a hana wani abu yau yana da ƙuri'a, wanda zai amfana bayan shekara ashirin galibi ba a ma haife shi ba.

To me ya sa a Jamus abin ya yiwu? Nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta, suna ɗauka Jamusawa sun fi kowa son tsuntsaye ne. Babban dalilin yana cikin yadda ake ƙirga ƙuri'a. A Jamus duk jam'iyyar da ta samu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa ana ba ta kujeru gwargwadon abin da ta samu, ko da ba ta zo ta ɗaya a ko da mazaɓa ɗaya ba. Jam'iyyar masu rajin kare muhalli, wadda masu adawa da nukiliya irin su Petra Kelly suka kafa a 1980, ta samu kashi 5.6 a 1983, ta shiga majalisar tarayya da kujeru 27. Takwararta ta Birtaniya ta samu kusan kashi 15 a zaɓen majalisar Turai na 1989, ninki biyu da ɗoriya na abin da Jamusawan suka samu, ba ta tashi da kujera ko ɗaya ba. A zaɓen majalisar Birtaniya na 2015 ta tara ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, kujera ɗaya tak ta samu, ta Caroline Lucas a Brighton. Dalili shi ne a tsarin Ingila wanda ya zo na ɗaya a mazaɓa shi ke kwashe komai, na biyu da na uku su koma gida. Ko a Afirka bambancin ya nuna kansa. A Ruwanda, inda ake rabon kujeru bisa kaso, jam'iyyar kare muhalli ta Frank Habineza ta sha baƙar wuya, an tsinci gawar mataimakin shugabanta a 2010, ba ta samu rajista ba sai 2013, amma da ta kai kashi 5 a 2018 ta samu kujeru biyu. Kenya da Najeriya kuwa tsarin Ingila suka gada.

Kuma ko a Jamus ɗin kujera ba kyauta ta zo ba. Joschka Fischer, wanda ya taso cikin masu arangama da 'yan sanda a titunan Frankfurt, ya sha rantsuwar zama ministan muhalli na jihar Hesse a 1985 sanye da farin kambas, don ya nuna shi ba irinsu ba ne. A 1998 jam'iyyarsa ta shiga gwamnatin haɗaka da Gerhard Schröder da kashi 6.7 kawai, shi ya zama ministan harkokin waje. Cikin 'yan watanni jam'iyyar da aka gina a kan ƙin yaƙi ta amince a tura jiragen yaƙin Jamus Kosobo. A taron jam'iyya na Bielefeld a Mayun 1999 wani ya jefe shi da ledar jan fenti har ta ji masa ciwo a kunne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma a ɗaya hannun, wannan gwamnati ce ta kafa dokar makamashi mai sabuntuwa ta 2000, wadda ta tilasta a sayi wutar rana da ta iska a kan farashi tabbatacce na shekara ashirin. Kasuwar da dokar ta buɗe tana cikin abubuwan da suka sa aka shiga ƙera faifan sola da yawa har farashinsa ya karye a duniya. Faifan da mai cajin waya ya kafa a kan rumfarsa a Tudun Wada yana da ɗan alaƙa da wannan ciniki. Zanga-zanga ita kaɗai ba za ta rubuta wannan doka ba. Sai dai a Janairun 2023 an sake ganin ɗaya fuskar, lokacin da 'yan sanda suka kwashe matasa masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath don a haƙi kwal, bisa yarjejeniyar da ministocin jam'iyyar muhallin da kansu suka ƙulla.

Marina Silva ta Burazil ita ce ta fi ba ni abin tunani. 'Yar masu tatsar roba ce a dajin Amazon, sai da ta kai shekara 16 ta koyi karatu, ta yi gwagwarmaya tare da jagoran masu tatsar roba Chico Mendes wanda aka harbe a 1988. Ta riƙe ma'aikatar muhalli daga 2003 zuwa 2008 a gwamnatin Shugaba Lula, kuma tsakanin 2004 da 2007 saran dajin Amazon ya ragu da fiye da rabi, ta hanyar sa ido da tauraron ɗan'adam, kama masu laifi, da keɓe sababbin gandaye. A lokacin 'yar Jam'iyyar Ma'aikata ce, babbar jam'iyya mai mulki. Da ta gaji da yadda ake danne ta a kan madatsun ruwa da manyan gonaki ta yi murabus, ta koma jam'iyyar kare muhalli, ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 2010 ta samu kusan ƙuri'a miliyan 20, kashi 19 cikin ɗari. Adadi ne mai ban mamaki, amma bai hana a sare ko kadada ɗaya ba. A 2023 ta koma tsohuwar kujerarta, a gwamnatin Lulan da ta bari.

Mu a Zariya ba sai an je Burazil za a koya mana abin da ke faruwa idan mai aƙida ya hau kujera ba. Balarabe Musa ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a 1979 a PRP, Dakta Bala Usman ya baro ajinsa na tarihi a ABU ya zama sakataren gwamnati. Majalisar jiha tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, shi kuma ya ƙi cinikin da suke so, a Yunin 1981 suka tsige shi. Har gobe ana gardama a majalisun Samaru kan ko taurin kai ne ko tsayuwa a kan gaskiya. Hajiya Gambo Sawaba kuwa, da ta sha ɗauri da duka a NEPU, sunanta bai dogara da wata kujera ba, ga shi a kan asibitin Ƙofar Gayan. Ba masu rajin muhalli ba ne, amma tarkon iri ɗaya ne.

Bari mu ɗauka wani malami ko wata malama a nan ta yi shekaru tana aikin Kubanni, kuma ta yarda da masu cewa ta fito. Abu na farko da za ta ci karo da shi shi ne tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai da jam'iyya. Jam'iyya kuma dole hedikwatarta ta kasance a Abuja, shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Babu damar kafa jam'iyyar Zazzau ta masu kishin ruwa. In an daure an yi rajista, sashe na 225A ya ba hukumar zaɓe ikon soke jam'iyyar da ba ta taɓuka komai ba, kuma a Fabrairun 2020 INEC ta soke 74 a tashi ɗaya, har da wadda ake kira Green Party of Nigeria. Sashe na 20 ya ce gwamnati za ta kare ruwa da iska da ƙasa da daji, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Dokar sauyin yanayi ta 2021 ma, wadda Buhari ya sa wa hannu, ɗan majalisar wakilai daga Abiya, Sam Onuigbo, ne ya ɗauki nauyinta daga cikin manyan jam'iyyu.

Sannan sai ta fita kamfe, ta tarar da nata shamban. Kubanni ya taso daga wajen Shika, ya cika dam ɗin jami'a, ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya faɗa Galma. Wanda ya tsaya a kan gada da rani zai ga baƙin ruwan kwata yana tafiya a hankali tsakanin tarin leda, a ƙasa kaɗan kuma ga injin ban-ruwa yana tuttula wannan ruwan cikin fangalin latas da alayyafo, kore shar, gobe da safe yana kasuwa. Malaman ABU sun daɗe suna rubutu a kan lakar da ke cike dam ɗin da kuma gubar ƙarafa a ruwan da ake noman rani da shi. Ilimin yana nan jibge a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. To amma wa za a hana? Mai lambun da ba shi da wani ruwan? Matasan da ke loda yashi a tifa da shebur, waɗanda da wannan suke ci? Mai gidan bulo da ke sayen yashin? Kowannensu yana da ƙungiya, da shugaba, da rumfar zaɓen da yake iya juyawa.

Gawayi ya fi wannan ma wuya. Tun da iskar gas da kananzir suka yi tsada, gidaje da yawa da suka bar murhu sun koma, har da gidajen ma'aikata. Motocin itace da buhunan gawayi suna shigowa gari kullum, kuma kowa ya san daga inda suke. 'Yar takarar da ta hau mumbarin kamfe a Kwarbai ta ce za ta hana saran itace, mai ƙosai za ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Hajiya, to da me zan soya?" In babu amsa a hannu, amsa mai farashi, an gama. Ga wani abin da Wangari ba ta fuskanta ba: a kunnen mutumin Giwa ko Birnin Gwari a yau, daji wurin da ake kai wanda aka sace ne. Dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa ne a takarda, amma wanda ya biya kuɗin fansar ɗansa ba zai yi maka tafi ba don ka ce za ka kare shi, ƙila ma ya fi son a share shi. Wanda bai iya haɗa maganar daji da maganar tsaro da kiwo a jimla ɗaya ba, kada ya ɓata kuɗin fosta.

Wannan ba yana nufin babu masu sauraro ba. Mutumin da ke sayen ruwa a wajen 'yan ga-ruwa a garin da ke da madatsun ruwa a gefensa, da wanda ambaliya ta ci masa katanga saboda an yi gini a kan magudana, da tsohon da ke iya nuna maka inda rimayen da suka ba Rimin Tsiwa da Rimin Doko suna suke da yawa a da, duk masu ƙorafin muhalli ne, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Liman da ya karanto hadisin da ya ce in alƙiyama ta tsaya da dashe a hannunka ka dasa shi, ya isa wurin da takardar taron bita ba za ta isa ba. Abin da babu shi ne hanyar da wannan ƙorafi zai zama jam'iyya mai zaman kanta a ƙarƙashin dokokin da muke da su.

Ra'ayina shi ne tambayar "ya fito ko kada ya fito" ba ita ce tambayar ba. Wace kujera, kuma wa za a bari a waje? Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, gandun daji ma harkar jiha ce. Wanda ke iya yanka gandu ko ya hana, wanda ke ba da takardar fili a bakin rafi ko ya ƙi, yana Kaduna, a gidan gwamnati da hukumomi irin su KADGIS ta filaye, da KASUPDA ta tsara birane, da KEPA ta kare muhalli. Kwashe shara da gyaran magudanu kuwa tsarin mulki ya jera su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, wadda Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba ta kuɗinta kai tsaye. Ɗan majalisar tarayya, kujerar da aka fi zuga mutane su nema, shi ne ya fi kowa nisa da Kubanni. Marina Silva ta yi tasiri ne saboda ma'aikatar da ta riƙe tana da jami'an kamu da kasafi, Wangari kuma an ba ta ofis babu biro. Kuma ƙungiyar Green Belt ta rayu bayan faɗuwar mai ita, har bayan rasuwarta, saboda ba a narkar da ita cikin jam'iyya ba. A nan kuwa abin da aka saba gani shi ne ranar da shugaban ƙungiya ya sayi fom, ranar 'yan ƙungiya suke zama kwamitin kamfe, in ya faɗi a watse, in ya ci a bi shi ofis neman muƙamin mai ba da shawara, a rasa wanda zai tsaya a bakin rafin ya ce masa ya saɓa alkawari.

Kafin ma a kai ga mai ƙosai akwai wata ƙofar. Ƙaramar hukumar Zariya gunduma 13 ce, daga Kwarbai da Kaura da Limancin Kona har zuwa Dambo da Wuciciri. A zaɓen fidda gwani na 2022 manyan jam'iyyun biyu sun yi amfani da daliget uku ko biyar daga kowace gunduma, wato mutanen da ba su kai saba'in ba a kowace jam'iyya su ne suka yanke wanda sunansa zai hau takardar zaɓen majalisar wakilai. A irin wannan tsari, waɗannan su ne masu zaɓen farko da malamar Kubanni za ta zauna da su a ɗaki, kuma ba adadin dashen da ya rayu za su tambaye ta ba.